PVGIS: shafin kyauta mai auna wutar da sola za ta ba gidanka, da inda lissafinsa ke tsayawa

Lissafin da aka fi yi wa mai sayen sola a shago mai sauƙi ne. A duba wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti, a ninka da awa takwas na rana, a ce ga wutarka. Farantai shida masu wat 550 sun ba da wat 3,300. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa guda, don haka sau takwas, yunit 26 da 'yan kai kullum. Mai gida ya ji daɗi ya biya, bayan wata biyu ya tarar inbata na kuka tun ƙarfe ukun dare. Ba lalle ne an sayar masa da jabu ba. Lissafin ne aka ɗora a kan yashi, domin lambar da ke bayan faranti a ɗakin gwaji aka auna ta, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana da sanyin digiri 25. Rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu bai san wannan sanyin ba.

PVGIS shafi ne na intanet da ke gyara wannan kuskure tun kafin a fitar da kuɗi. Cibiyar binciken haɗin gwiwa ta Hukumar Tarayyar Turai da ke Ispra a Italiya ce ke kula da shi. Kyauta ne, ba a rajista, ba a neman lambar waya, ba kuma wanda zai bi ka da talla. Duk da sunan Turai da ke kansa, ya game Afirka baki ɗaya, saboda bayanan hasken ranar da yake aiki da su daga taurarin ɗan'adam na Meteosat suke, waɗanda ke kallon nahiyarmu daga sama shekara da shekaru. Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram, duk suna ciki. Babu Hausa a harsunansa. Akwai Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci, don haka mutumin Nijar ma bai rasa ƙofa ba.

A taƙaice, wajen sanin yawan wutar da rufinka zai iya haifarwa, da wuya ka sami abin da ya fi shi a kyauta. Wajen sanin kuɗin da za ka rage kuwa, rabin hanya yake kai ka ya ajiye, kuma wanda bai lura da inda aka sauke shi ba zai ninka ribarsa a takarda.

Da ka buɗe, taswira ce a hagu, akwatunan cikewa a dama. A waya taswirar tana da wahalar sarrafawa, yatsa ya zame ka tsinci kanka a wata unguwa. Gara ka ɗauko lambobin wurin gidanka daga taswirar wayarka ka rubuta su a akwatin da ke ƙasa. Tsakiyar Kano kusan 12.0 ce arewa, 8.5 gabas. Kuskuren layi ɗaya ko biyu ba ya canza komai, domin rana ɗaya ce a kan unguwar.

Sashen farko shi ne na sola mai haɗe da wutar gwamnati. Abu biyar yake tambaya da suka dame ka. Na ɗaya ƙarfin farantai a kilowat: shida sau 550 shi ne 3.3. Na biyu irin farantin, kuma kusan duk abin da ke kasuwarmu silikon ne, wanda shi ne zaɓin da za ka tarar. Na uku asarar hanya, wadda ya sa kashi 14 cikin 100 da kansa. Na huɗu yadda aka kafa farantin, ko a kan ƙarafa iska na bi ta ƙarƙashi, ko manne da rufi. Na biyar karkata da fuskar da yake kallo.

Wannan na biyar ɗin shi ne inda mutane suka fi tuntuɓe. A PVGIS, sifili na nufin kudu, 90 yamma, -90 gabas, 180 arewa. Wanda ya saba da kamfas ɗin waya, inda sifili ke nufin arewa, sai ya rubuta 180 yana nufin kudu, shafin kuma ya juya masa farantai arewa ba tare da ya ce uffan ba. Idan ba ka tabbatar da fuskar rufinka ba, ka tsaya ka fuskanci gabas. Kudu tana hannunka na dama.

Akwai ɗan akwatin da idan ka taɓa, shafin zai zaɓa maka karkatar da ta fi ba da wuta a shekara. A yankin Kano amsar ba ta nisa da digiri 15, farantin na kallon kudu. Abin da ya sa karkatar ba ta da yawa shi ne muna kusa da tsakiyar duniya: daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta, rana da tsakar rana tana ɗan arewa da kanmu ne, sauran watannin kuma tana kudu. Idan karkatar ƙarama ce, ko farantin ya ɗan kauce gabas ko yamma, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Matsalar tana ga rufin zamani mai tsini, wanda ke kai digiri 30 ko fiye. A watan Disamba rana da tsaka tana digiri 55 ne kawai sama da ƙasa ta wajen kudu. Farantin da aka kwantar a gefen arewa na irin wannan rufi, hasken da ke dukansa kai tsaye a lokacin bai kai rabin na gefen kudu ba. Masu kafawa kan zaɓi gefen da tsani ya fi sauƙin kaiwa. Ka gwada fuskokin biyu a shafin kafin su zo, minti biyu ne, ka nuna musu bambancin wata-wata.

Mai shimfiɗaɗɗen rufin siminti kuma kada ya yarda a shimfiɗa masa farantai a kwance ɗam. Shafin zai nuna cewa asarar kaɗan ce, gaskiya ne a lissafin haske, amma farantin da bai karkata da aƙalla digiri 10 ba ruwa na kwanciya a gefensa, ya bushe ya bar laka a layin ƙasa na ƙwayoyin.

Idan ka danna, amsa na fitowa nan take: jimillar yunit na shekara, hoton sanduna na wata goma sha biyu, da gwargwadon yadda shekara ke bambanta da shekara. A wannan yanki kowane kilowat ɗaya na farantai kan ba da tsakanin yunit 1,600 da 1,750 a shekara, gwargwadon abin da ka cike. Mu ɗauki 1,650. Kilowat 3.3 ya zama yunit 5,445 a shekara, wato kusan 15 a rana. Ka tuna an yi wa mai gida alkawarin 26.

Abin da ya fi burgewa a wannan sashe shi ne ya ware maka asarar zafi, haɗe da ta ƙarancin haske, daban, ka gan ta da idonka. Farantin silikon na rasa kusan kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri ɗaya da ya haura 25. Da bazara, farantin da ke kan kwano na iya kai digiri 65, wato bambancin digiri 40, asarar kusan kashi 15. Shi ya sa ranar da ta fi ƙuna ba ita ce ranar da ta fi wuta ba. Ka sauya zaɓin kafawa daga na kan ƙarafa zuwa na manne da rufi ka ga yadda jimillar ke sauka. Wannan shi ne kuɗin tazarar santimita 10 zuwa 15 da ya kamata a bari tsakanin faranti da kwano. Hoton watannin kuma zai nuna maka Agusta a ƙasa, saboda hadari da marka. Da watan da ya fi rauni ake auna gida, ba da matsakaicin shekara ba.

Kashi 14 ɗin nan da ya sa na asara, na Turai ne. Ya ƙunshi wayoyi, inbata, ɗan datti da tsufan faranti. Hazon da ke cikin iska yana cikin lissafin hasken a dunƙule, amma ƙurar da ta sauka ta zauna a kan gilashinka tauraro ba ya ganin ta. Daga Nuwamba zuwa Maris babu ruwan sama da zai wanke, faranti na yin fari fat cikin mako biyu, musamman a gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta. Gidan da za a riƙa wankewa duk mako da sassafe, da ruwa da tsumma mai laushi kafin gilashi ya ɗau zafi, ya rubuta 16 ko 17. Gidan da rufinsa sai an kira mai tsani, ya rubuta 20 ko sama, ya huta da yaudarar kansa. Babu wurin sa asara daban ga kowane wata, kuma wannan rashi ne ga ƙasar da ƙurarta ke da lokaci.

Inuwa ma haka. Shafin ya san tuddai da duwatsun da ke kewaye, yana lissafa su. Bai san darbejiyar tsakar gida ba, bai san tankin ruwan da ke kan ƙarfe ba, bai san benen da maƙwabci ke shirin ɗorawa ba. Kuma inuwa a sola ba ta adalci: farantai idan an jera su a layi ɗaya, sandar eriya da ta gitta ɗaya tana iya jan ƙarfin layin gaba ɗaya ƙasa. Wannan sai an hau rufi da ƙarfe tara na safe, da sha biyu, da ukun yamma, an duba da ido.

Yanzu ga babbar maganar. Yunit 5,445 ɗin nan lissafin ƙasar da mai gida ke tura rarar wutarsa cikin layin gwamnati a biya shi ne. Mitar kati da ke gidajenmu ba ta biyan kowa wutar da ya tura. A gidan da ke da inbata da batir, da batir ya cika kuma kayan gida ba su jan komai, na'urar caji takan rage abin da take karɓa daga farantai, sauran hasken ya tafi a banza. Wanda ya ɗauki 5,445 ya ninka da naira 209.5, farashin yunit da aka sa wa Band A, rukunin sama na masu wutar NEPA, a watan Yulin 2024, zai ga naira miliyan ɗaya da dubu ɗari da arba'in a shekara. Wannan kuɗin ba zai taɓa shiga aljihunsa ba.

Saboda haka sashen da ya dace da yawancin gidajenmu shi ne wanda aka rubuta Off-grid a kansa, kuma shi ne dalilin da ya sa PVGIS ya fi takwarorinsa amfani a nan. PVWatts na Amurka yana da kyau wajen rarrabe asara ɗaya bayan ɗaya, Global Solar Atlas na Bankin Duniya kuma ya fi kyawun taswira, amma babu wanda ke tambayar batirinka a cikinsu. Wannan sashe yana tambayar ƙarfin farantai a wat, girman batir, iyakar da za a bari batir ya sauka, da abin da gida ke ci a rana.

Girman batir ana samun sa ne ta ninka lambobi biyun da ke jikinsa. Batirin ruwa mai 12V 200Ah ya zama 2,400, wato yunit 2.4. Guda huɗu 9,600. Na lithium mai 51.2V 100Ah ya zama 5,120. Iyakar saukar kuwa, shafin ya sa kashi 40 da kansa, ma'ana ba za a taɓa kashi 40 na ƙarshe ba. Mai batirin ruwa ya mayar da ita 50, in ba haka ba batirin ba zai yi tsawon rai ba. Mai lithium ya sa 20. Nan za ka gane cewa batiran ruwa huɗu 4,800 ne kawai ake ci daga cikinsu, lithium ɗaya kuma kusan 4,100. Tazarar ba ta kai yadda girman jikinsu ke nunawa ba.

Abin da gida ke ci shi ne lambar da ta fi kowace muhimmanci, ita ce kuma aka fi cika ta da ka. A zauna da biro. Fankar sama huɗu masu wat 70, awa goma kowace, yunit 2.8. Firji kusan 1.3, firiza kusan 1.5, domin injinsu ba ya aiki ba tsayawa. Ƙwai goma sha biyu masu wat 10 na awa shida, 0.7. Talabijin da dikoda 0.6. Injin burtsatse mai doki ɗaya na awa guda, 0.9. Dutsen guga rabin awa, 0.5. Cajin wayoyi da kwamfuta 0.4. Jimilla 8.7. Sai wanda kowa ke mantawa: inbata kanta. Babbar inbata mai 5kVA tana iya cin wat 40 zuwa 60 ko da ba a kunna komai ba, dare da rana, wato yunit ɗaya da 'yan kai kullum. Shafin ba zai tuna maka ba. Ka ƙara da hannunka, ya zama kusan yunit 10, ka rubuta 10,000, domin a akwatin yunit ɗaya 1,000 ne.

Amsar da yake bayarwa a nan ta fi ta farko gaskiya. Yana faɗa maka kashi nawa na kwanakin shekara batir ya cika, kashi nawa ya ƙare ƙarƙaf, wuta nawa ta tafi a banza saboda babu wurin zuba ta, da wuta nawa gida ya nema ya rasa. A gida irin na misalinmu za ka ga abu biyu tare da ke ɗaure wa mutane kai: batir na cika kusan kullum, kuma yana ƙarewa kusan kullum. Ma'anarsa farantai sun wadata, batir ne ya yi ƙaranci. Mai gidan da bai ga wannan ba, da ya ji inbata na kuka da asuba sai ya koma kasuwa ya ƙaro farantai biyu, kukan kuma bai daina ba. Idan aka ga akasin haka, batir ba ya cika sai jifa-jifa, to farantai ne ke son ƙari, kuma batirin ruwa da ke kwana bai cika ba shi ne ke mutuwa cikin shekara guda.

Raunin wannan sashe biyu ne. Yana ɗauka babu wutar NEPA ko kaɗan, alhali yawancin gidaje suna samun 'yan awanni da ke taya cajin batir, don haka kwanakin ƙarewar da ya nuna sun fi na zahiri yawa. Sannan da kansa yana raba cin wutar ne ta yadda mafi yawansa ya faɗa da yamma. Akwai wurin ɗora naka tsarin na awa 24, amma sai ka shirya shi a fayil, abin da ba kowa zai yi a waya ba. Ga wanda zai iya, yana da daraja, domin a nan ake ganin ribar mayar da guga da tura ruwa da daskarar da firiza zuwa tsakanin ƙarfe goma da uku.

Kuɗin da za a rage kuwa, da hannu ake lissafa shi, shafin bai san farashin wutarka ba. A misalinmu, a ce yunit 4.5 ake ci da rana, 5.5 da dare. Batir ya ba da kusan 3.8 bayan asarar inbata. Sola ta ɗauki 8.3, a cire 1.2 da inbata ta ci wa kanta, saura kusan 7. Sau 365, yunit 2,555 a shekara, ƙasa da rabin 5,445. Ga mai Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, a farashin 209.5 wannan kusan naira dubu 535 ne, ya haura dubu 570 idan an haɗa harajin kashi 7.5. Ka duba rasit ɗin katinka na ƙarshe, ka raba kuɗin da yunit ɗin da aka ba ka. Wannan ne farashinka na gaskiya, shi za ka yi aiki da shi.

Gidan da ke rukunin ƙasa lissafinsa daban ne, domin yunit bakwai ɗin ba daraja ɗaya suke da ita ba. A ce uku sun maye gurbin wutar NEPA a naira 70, naira 210 ke nan. Biyu sun maye gurbin janareta. Ƙaramin janaretan fetur da wuya ya ba da fiye da yunit ɗaya da rabi a lita, idan kayan da ke kansa kaɗan ne ma bai kai ba. A ce lita naira 900, yunit ya tashi 600, biyu 1,200. Sauran biyun kuwa a da duhu ake zama da mafici a hannu, don haka ba su rage ko kwabo ba, daɗi suka ƙara. Naira 1,410 a rana, kusan dubu 515 a shekara, kuma kashi 85 cikin 100 nasa daga fetur ya fito. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ribar sola a irin wannan gida a jarkar fetur take, ba a takardar bil ba. Wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, sola ba za ta rage masa komai a wannan takardar ba sai ya sami mita.

Akwai wani akwati a sashen farko da ke lissafa maka farashin yunit ɗin sola idan ka sa kuɗin kaya, kuɗin ruwa da shekarun aiki. Ga mai batir, a bar shi. Yana raba kuɗin ne a kan duk wutar da farantai za su iya haifarwa, har da wadda ta tafi a banza, kuma bai san za a sake batiran ruwa bayan shekara biyu ko uku ba. Farantai kan kai shekara 25 suna rage kusan rabin kashi ɗaya a shekara. Batir da inbata ba sa kaiwa. Mai lissafin shekarun da kuɗinsa zai dawo ya sa kuɗin sauyin batir a ciki tun farko.

Kowane sakamako ana iya sauke shi a takardar PDF, kuma ya kamata a sauke a ajiye. Bayan an kafa, yawancin inbatocin zamani suna nuna yunit ɗin da farantai suka bayar a rana. Kada a kwatanta wannan lamba da ta shafin a ranar da batir ya cika tun ƙarfe sha ɗaya, domin za ta fito ƙasa ba tare da wani laifi ba. A zaɓi rana mai haske, a wanke farantai da safe, a bar batir ya kwana a sauke, a kunna injin ruwa da firiza da duk abin da zai ja wuta har la'asar. Idan kilowat 3.3 ya ba da yunit 13 zuwa 16, kayan lafiya suke. Idan ya tsaya a 9 ko 10, a fara da taɓa wayar da ta sauko daga rufi da tsakar rana: in ta yi zafi, ta yi siriri ko ta yi tsawo. Sai a duba mahaɗan da ke bayan farantai ko akwai wanda ya narke ko ya yi sako-sako. Sai a duba irin na'urar caji, ko wadda ake kira MPPT ce ko PWM, domin PWM a kan manyan farantai tana zubar da kaso mai yawa na ƙarfinsu. In duk waɗannan lafiya, a sa awo a kan kowane faranti shi kaɗai, a auna tsawo da faɗinsa da tef: mai wat 550 na gaske ya kai kusan mita 2.3 a tsaye, 1.1 a kwance, kuma wanda bai kai mita biyu ba, takardar da ke bayansa ce kawai 550.